Mataji a Ƙafa ta Huɗu

A tsibirin Chiloé ruwa ba ya sallama,
zuwa yake kamar mai bin bashi,
kwana tara yana ƙwanƙwasa rufin katako.
Rana ta goma na ɗaga buhun dankali
a rumbun kakata, Eduvina Cárcamo,
sai ga ta, 'yar gizo-gizo, ba ta fi ƙwayar riɗi ba,
tana reto a kife cikin saƙa marar tsari,
kamar zaren da kyanwa ta gama wasa da shi.

Shekara talatin kaka ta yi tana wanke kwalabe
a ɗakin bincike, can Valdivia.
Ba ta da digiri. Ido take da shi.
Ranar barin aiki suka ba ta tsohon madubin ƙara girma
da wani littafi da bangonsa ya gudu ya bar shi.

Ta ce, "Kada ka ce mini baƙa ce ko ja.
Launi riga ce, kowa na iya aro.
Ƙirga idanu."
Takwas, sahu biyu.
"Ciki fa?"
A dunƙule, kamar 'yar tukunya.
"To, bi ƙafa ta huɗu har ƙarshenta,
gaɓar da ke taɓa zare."

Na bi. Numfashina ya rufe gilashi,
na goge, na sake leƙawa.
Can sai na hango
jerin gashi masu haƙora, a lanƙwashe, layi guda,
mataji wanda babu mai kitson da ta taɓa riƙe irinsa.
"Da shi take tsefo zare mai danƙo
ta watsa wa ƙuda tun daga nesa.
Ka samo gidansu. Saura sunanta."

Gidan babba ne, dangi dubbai.
Littafin kuwa hanya biyu yake bayarwa kullum:
in kaza ne, je lamba bakwai,
in ba haka ba, sha biyu.
Muka yi ta bi, shayi ya huce, itace ya cinye a murhu,
har hanya ta tsaya cak a ashirin da ɗaya.
Yana son a duba ƙarƙashin cikin uwa,
'yar ƙofar nan da kowane jinsi ke da tasa siffa.
Tamu wurin a shafe yake, sumul.

Kaka ta zare tabarau tana dariya.
"Yarinya ce. Saura saɓa ɗaya."
Kwalbar sifirit na hannuna, a buɗe.
Ta ɗora yatsa a bakinta.
"In ka tsoma ta yau, ta mutu ba suna.
Sauri ya haifi nawa."

Muka sa ta a gwangwanin gilashi da ɗan tsinke,
muka ɗaure bakin da ƙyalle.
Mako uku ina farautar ƙananan ƙudaje
a kan ruɓaɓɓen tuffa.
Nibaldo mai jirgin su yakan leƙo ta taga:
"Yaya baƙuwar, an raɗa mata suna?"

Wata asuba na tarar ƙyallen ya zame.
A kan tsinken, ga ta nan, ƙafa takwas,
ba nauyi, haske na ratsa ta.
Riga ce kawai. Mai rigar ta tafi.

Na kai saɓar ƙarƙashin madubi.
Matajin na nan, haƙori bai faɗi ba.
Kaka ta miƙo fensir, don tawada kan narke.
Na rubuta Theridiidae, da wuri, da kwanan wata,
sannan alamar tambaya, babba.
Ta ce, "Rage ta. Ba abin kunya ba ce,
ba kuma abin alfahari ba."

Har yanzu in na shiga rumbun nakan ɗaga kai.
Tana can wani lungu tsakanin azara,
sunanta rubuce a ƙarƙashin cikinta,
tana taje zare, tana jiran ƙuda,
ruwa na ta ƙwanƙwasa rufi.